Wilner Mai Tsaron Katangar Gyara

Wilner Dorsainvil maƙwabcina ne a Kissimmee, kuma mun daɗe muna aiki tare a ɗaya daga cikin manyan filayen wasan nan na shaƙatawa da ke kewaye da Orlando. Sunan filin ba sai na faɗa ba. Ni ina tura keken sayar da lemo mai ƙanƙara da gasasshiyar cinyar talotalo, shi kuwa aikinsa shi ne ya tsaya a gaban duk abin hawan da aka rufe don gyara, ya riƙa gaya wa mutane cewa a rufe yake. Iyakar aikin ke nan. Amma a kansa ya rasa haƙora, ya rasa ido ɗaya, har gidan yari sai da ya shiga.

A Gonaïves ta ƙasar Haiti aka haife shi. Yana ɗan shekara goma sha wani abu wasu mutane suka zo shagon gawayin ubansa da adduna, rana tsaka, suka sassare uban a bakin ƙofa. Shi yana kwance a bayan buhuna yana kallo ta tsakaninsu. Sau ɗaya ya taɓa ba ni wannan labarin, muna jiran bas, kuma bai gaya mini dalilin kisan ba. Ba a daɗe ba kawunsa ya saka shi a jirgin ruwa na katako zuwa ƙasar nan. Ya yi tsinkar tumatir a Immokalee, ya yi wanke-wanke a otal-otal, sannan ya samu shiga filinmu.

Ƙato ne, kafaɗunsa sun cika ƙofa, amma muryarsa siririya ce kamar ta mai rarrashin jariri. An fara sa shi a Gangaren Kada. Tsohon abin hawa ne na ruwa: mutane su shiga kwalekwale, a ja su sama, su ratsa wani kogo mai duhu cike da kadojin roba masu buɗe baki, sannan a sako su ƙasa da gudu su faɗa cikin tafki su jiƙe sharkaf. Wilner ne ke riƙe hannun tsofaffi su shiga, ya ɗaga yara ya zaunar. Kowace shekara idan sanyin Janairu ya shigo akan zubar da ruwan, a kewaye wurin da katangar katako mai fenti, masu gyara su shiga. A irin wannan lokacin ne Mista Pruitt, shugaban sashenmu, ya dube shi sama da ƙasa ya ce girmansa ya dace da gaban katanga.

"Dokar ɗaya ce," in ji Mista Pruitt. "Hannuwanka a baya, murmushi a fuska. Ko an zage ka, ko an ture ka, ba ka ɗaga hannu. Ka kira masu tsaro a rediyon oba-oba."

"In an mare ni fa, yallaɓai?"

"Ka ce su yi haƙuri, ka nuna musu wani abin hawan."

Ya iya aikin har ya zame masa jiki. Daga nan duk inda aka kafa sabuwar katanga, ko jirgin hawa-da-gangara ne ake sauya wa dogo, ko majaujawa ake yi wa fenti, ko wani sashe ake rushewa, shi ake turawa. Ma'aikata suka laƙaba masa suna A-Rufe. Yana shigowa ɗakin cin abinci sai ka ji wani ya ce, "A-Rufe, yau me ka rufe mana?" Shi kuma ya ce, "Bakinka nake jira a ba ni izini."

Wanda bai yi aikin nan ba ba zai gane ba. Mutum ya shekara yana tari, ya tuƙo mota kwana biyu da yara suna faɗa a baya, ya yi musu alkawarin abu ɗaya tun Kirsimeti, ya iso cikin zafin da ke narka kwalta, sai ya tarar da katako da zanen ɗan zomo riƙe da guduma. Kamfanin ba shi da fuskar da za a mara, sai ta Wilner. Da yake kekena kusan kullum yana kusa da shi, na ga abubuwa da idona. Wata mata ta sayi cinyar talotalo a wurina, ba ta ko gutsura ba, ta je ta kwaɗa masa a kunci, maiƙo yana bin wuyansa. Wani ya ɗaga keken jariri, da kayan da ke ciki, ya jefe shi da shi, ƙarfen ya tsaga masa gira. Wani dattijo mai farin gashi, da ka gan shi ka ce limamin coci ne, ya tofa masa yawu a ido a gaban jikokinsa. Wani saurayi ya yi masa gware da kai, haƙoran gaba biyu suka zube a kan siminti. Wilner ya durƙusa ya tsince su da kansa ya sa a aljihu, don kada yara su gani, in ji shi.

Matarsa Marise, mai aikin gyaran ɗakuna a otal, ita ke goge masa raunukan da ruwan gishiri.

"Wil, ka nemi a mayar da kai wanke-wanke," take cewa. "Faranti ba ya dukan mutum."

"A inuwa nake tsayawa yanzu, Marise. Kin manta tururin kicin?"

"To ka tsaya a inuwar har su kashe ka."

Saboda dukan nan ne ya fara tsara wa mutane tafiya. Da farko 'yan cocinsu ne: bayan an tashi ranar Lahadi sai su kewaye shi a wurin ajiye motoci, wannan 'yan'uwansa za su zo daga Brooklyn, wancan daga Montreal, yaushe ya kamata su taso? Ya san abin da ba a rubuta ba. Ya san in kamfani ya ce za a buɗe abu da bazara, to sai tsakiyar Yuli. Ya san in aka daina yi wa abin hawa fenti, aka bar kwan fitilarsa da ya mutu ba a sauya ba, to rushe shi za a yi. Masu gyara abokansa ne, a bayan katangarsa suke shan kofi, ba kuma filinmu kaɗai suke aiki ba. Yakan tambayi mai kiran, "Me yaronka ya fi so ya hau? Kada ka ce komai, ka tambaye shi." In ya ji amsa sai ya ce a zo wata kaza, ko a haƙura sai baɗi. Lambarsa ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu har mutanen da bai taɓa gani ba suna kira daga Ohio da Texas. Na ce masa wahala yake ɗora wa kansa.

"Nilda, ƙanwata, ba ki gane ba," ya ce. "Duk wanda na hana zuwa a ranar da ba ta dace ba, mari ɗaya na rage wa fuskata."

Ta haka Misis Loretta Tuggle ta same shi. Tsohuwa ce daga kusa da Valdosta a jihar Georgia, kuma wata nas 'yar Haiti da ta yi jinyar mijinta ce ta ba ta lambar. Mijin, Harlan, ya rasu da bazarar shekarar. Tun 'ya'yansu suna ƙanana yake kawo su Gangaren Kada kowace shekara, kuma ya bar wasiyya a ƙone gawarsa a zuba tokar a ruwan wurin. Ga shi kamfani ya ba da sanarwa cewa ƙarshen Satumba za a rufe Gangaren Kada har abada, a gina wani sabon abu a gurbinsa.

Wilner ya gaya mini yadda suka yi a waya. Ya ce mata, "Madam, maganar toka ban ji ta ba, don haramun ce a wurinmu, in an gan ki fitar da ke za a yi. Amma in hawa kike so ki yi da 'ya'yanki, ki zo sati na biyu na Satumba. Yara sun koma makaranta, ba layi, kuma ba a rufe ba tukuna."

Ta yi dariya ta ce, "To ba ka ji ba, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Sai guguwa ta zo a farkon Satumba. Ba ta yi mana ɓarna sosai a gari ba, amma ta tsaga ɗaya daga cikin ginshiƙan da ke riƙe da gangaren. Injiniyoyi suka duba suka ce ba amfanin gyara abin da za a rushe nan da sati uku. Ba wata sanarwa, muka wayi gari an kafa katanga, katafila ta shiga. Wilner ya yi ta kiran Misis Tuggle, waya ba ta shiga, saboda guguwar ta haura Georgia ta kayar musu da turakun wuta. Ya bar saƙo kan saƙo. Ba wanda ta ji.

Ranar Laraba ce, wajen azahar, zafi kamar a tukunya. Kekena yana ƙarƙashin wata bishiyar dabino, taku kaɗan daga inda yake tsaye. Ta bayan katangar ana jin ƙarar injin yana cin kogon, lokaci-lokaci ƙura ta taso ta sama. Na hango su tun daga nesa saboda rigunansu iri ɗaya ne, shuɗaye, da hoton wani tsoho riƙe da kifi. Tsohuwar tana kan keken lantarki irin na haya, ta rungume wani tsohon flas na kofi a ƙirji. Maza biyu suna biye da ita, kowanne da kofin giya. Babban, Royce, mai aikin rufin gidaje ne, fuskarsa ja, wuyansa kamar na sa. Ƙaramin, Dell, direban babbar mota ne, siriri, bai cika magana ba. Sana'o'insu daga baya na san su, a kotu.

Suka tsaya cak a gaban katangar. Tsohuwar ta dubi katako, ta dubi takardar da ke hannunta, ta sake duban katako.

"Ɗan saurayi," ta ce wa Wilner, "ta ina ake shiga Gangaren Kada yanzu?"

Da muryar ya gane ta. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da ya ɓoye ko shi wane ne ya faɗi abin da yake faɗa wa kowa, ƙila da sun yi zage-zagensu sun tafi. Amma sai ya sunkuya kusa da ita ya ce, "Misis Tuggle, ni ne Wilner, wanda muka yi waya. Na yi ta nemanki. Guguwa ta fasa shi, sun rufe tun shekaranjiya. Ki yafe mini."

Ta ƙara ƙanƙame flas ɗin.

Royce ya matso. "Kai ne mutumin wayar?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Kai ka ce wa uwata ta bar Agusta ta zo yanzu?"

"Ni na ce. A lokacin ba wanda ya san..."

"A Agusta a buɗe yake?"

"A buɗe yake."

Royce ya juya wajen ƙanensa yana wata irin dariya. "Ka ji ko, Dell? A buɗe yake." Ya juyo ya watsa wa Wilner giyar a fuska. "To buɗe mana ƙofa. Ubana zai shiga ruwan nan yau."

"Babu ruwa, yallaɓai. Sun zubar. Ciki duk ƙarfe ne da ɓaraguzai, ba zan iya barinku ku shiga ba."

"Royce, bari," in ji tsohuwar. "Mu koma mota."

"Ki yi shiru, Mama."

Naushin farko a ciki ya same shi. Wilner ya tanƙware, ya miƙe, hannuwansa suna baya. Na biyu a baki. Na danna rediyona ina kiran masu tsaro, amma ranar an kwashe yawancinsu zuwa babbar ƙofa inda ake sare bishiyoyin da guguwa ta karya. Mutane suka taru, wasu suna janye 'ya'yansu, wasu sun ɗaga wayoyi. Royce ya fizge rediyon Wilner ya maka da ƙasa, ya cakumi kwalarsa yana buga bayansa da katanga, yana zaginsa da kalmar da ba zan maimaita ba, yana cewa ya koma ƙasarsu a kwalekwalen da ya zo.

"Ka yi haƙuri, yallaɓai," Wilner yake ta faɗa, jini yana zuba a kan rigar aikinsa.

Dell ya ajiye kofinsa a hankali a kan kekena. Ya je ya ɗauko ɗaya daga cikin sandunan ƙarfen nan masu nauyin gindi da ake ɗaura igiyar layi a jikinsu. Na sha gabansa, ya hankaɗe ni da kafaɗa na faɗa kan keken, ƙanƙara da lemo suka kife a kaina. Ina ƙasa na ga ya ɗaga sandar da hannu biyu ya sauke a gefen fuskar Wilner. Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an fasa kwakwa. Wilner ya tafi da baya da dukan nauyinsa, Royce yana riƙe da shi, allon katangar ya ɓalle, su biyun suka faɗa ciki.

Abin da ke bayan katangar ya fito fili. Rabin kogon ya tafi. Kadojin roba an jibge su wuri ɗaya, wasu ba kai. Inda tafkin yake sai taɓo da guntayen siminti da rodi a tsaitsaye. Tsohuwar ta ga wannan, ta yunƙura ta sauko daga kekenta tana kiran sunayen 'ya'yanta. Dell yana ja da baya zai sake ɗaga sandar, gindinta ya bugi hannunta. Flas ɗin ya suɓuce, ya gangara ta kan allon da ya faɗi, ya bugi siminti, murfin ya fita. Tokar mijinta ta zube, wata a taɓo, wata iska ta ɗauka ta watsa a kan takalman masu kallo.

Kowa ya tsaya cak, har Dell. Royce ne kaɗai bai gani ba. Yana zaune a kan ƙirjin Wilner yana naushin fuskarsa, ta wajen da sandar ta riga ta farfasa.

Daga nan abin ya juya. Wilner ya zaro hannuwansa daga ƙarƙashinsa, ya kama wuyan hannun Royce ya murɗe. Na ji ƙarar karayar daga inda nake. Royce ya yi ihu. Wilner ya juye shi ƙasa kamar buhu, ya hau kansa, ya lalubo wani guntun siminti mai girman bulo. Idonsa na hagu ya riga ya rufe, fuskar duk jini da ƙura, ban gane shi ba. Ya sauke simintin a kan Royce. Ya ɗaga ya sake saukewa. Royce ya daina motsi, shi bai daina ba. Ko nishi bai yi ba. Ina kiran sunansa, ba ya ji. Masu aikin rushewa ne suka diro daga injinansu, sai da mutum huɗu suka taru kafin suka ɓanɓare shi, ɗaya ma ya karya masa yatsa wajen ƙwace simintin.

Dell ya yar da sandar ya durƙusa wajen wansa. Tsohuwar kuwa ba ta je wajen kowa ba. Ta zauna dirshan a taɓo tana tattara tokar da tafin hannu tana mayarwa cikin flas, da ƙasa da komai.

Motocin asibiti biyu suka zo ta ƙofar baya. 'Yan sanda suka ɗaure hannun Wilner a jikin gadon da aka kwantar da shi. Kafin magariba an mayar da allon, an wanke simintin, an sa wata yarinya sabuwar ɗauka a gaban katangar, hannuwanta a baya.

Hoton bidiyon da ya zagaya duniya daga inda Wilner ya ɗauki siminti ya fara. Ƙaton baƙin ma'aikaci yana farfasa kan baƙo, abin da mutane suka gani ke nan. Kamfani ya kore shi yana gadon asibiti. Aka riƙa kiran gidansu ana ce wa Marise za a ƙone su da ransu. Wata rana da safe suka tarar an fasa gilasan motarsu duka, an zuba fenti ja a ƙofa. Ni da mijina muka taya ta gogewa. Likitoci sun ɗinke masa ƙashin kunci da ƙarfe, amma idon bai tsira ba.

Royce bai mutu ba. Ya yi makonni bai san inda yake ba, da ya farka kuma ba shi ne mutumin da ya zo ba. Maganarsa ta karkace, hannun dama ba ya riƙe cokali, hawa rufi kuwa ya ƙare.

A kotu ni ma na ba da shaida, amma ta Misis Tuggle ce aka fi saurara. Ta shigo da sanda, ta rame. Lauyan Wilner ya tambaye ta wa ya fara.

"'Ya'yana ne suka fara," ta ce. "Mutumin nan haƙuri ya ba ni. Hannuwansa suna baya suna dukansa. Dell ne ya buge shi da ƙarfe, ina kallo."

Dell yana zaune ya sunkuyar da kai. Sai lauyan gwamnati ya miƙe ya tambaye ta ko Royce yana motsi lokacin da Wilner ya ci gaba da dukansa.

Ta juya ta dubi Wilner sosai. "Ba ya motsi. Ɗana ya suma, shi kuma ya ci gaba. Wannan ma na gani. Yanzu ni nake ba Royce abinci a baki kamar jariri."

Aka yanke wa Dell shekaru a gidan yari saboda sandar. Wilner kuma alƙali ya ce kare kai ne har zuwa inda ya juye Royce, abin da ya biyo baya ba kare kai ba ne. Ya ba shi kusan shekara guda a kurkukun gunduma. A can ma bai huta ba. Wasu da suka ga bidiyon suka tare shi a wurin wanka suka karya masa haƙarƙari biyu, wasu kuma suna kawo masa abincinsu suna kiransa gwarzo. Ya ce na biyun ya fi yi masa ciwo.

Bayan ya fito, wata Lahadi da yamma muna zaune a barandarsa, Marise tana soya ayaba a ciki. Na ce masa kowa a unguwa ya san don tsohuwar ya yi, ganin tokar mijinta a ƙasa ne ya tunzura shi. Haka muke faɗa wa junanmu.

Ya girgiza kai. "Ban ga tokar ba, Nilda. Sai a kotu na ji labarinta."

"To tsoro ne. Kashe ka za su yi."

"Da farko tsoro ne. Da na hau kansa kuma babu tsoro." Ya dubi hannuwansa. "Daɗi na ji. Da ba su riƙe ni ba, da na gama da shi na nemi ƙanen."

Na tashi na shiga ciki in taya Marise suya.

An hana shi shiga filin har abada, sauran filayen ma ba wanda zai ɗauke shi. Ya samu aikin loda tukwanen furanni a wani lambu a Apopka, yana fita da asuba ya dawo da ƙasa a farce. Wayar ba ta daina ƙara ba, don lambar tana ci gaba da yawo a wajen mutanen da ba su haɗa sunan da bidiyon ba. Ya daina ɗauka. Marise ce ke ɗauka ta ce ba ya nan. Wani lokaci in ta ajiye sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Da kin ce musu kada su zo a Janairu." Ita kuma ta ce, "Su zo duk ranar da suka ga dama."

Ya sauya ta hanyoyin da sai wanda ya san shi zai lura. Ba ya yarda wani ya tsaya masa ta gefen hagu. In 'yarsu ta kawo jaririnta, yakan karɓa ya riƙe kaɗan ya mayar da sauri. Wata rana a wurin ajiye motoci na kantin kayan abinci wani mutum ya buga masa bonet da hannu yana masifa a kan gurbi. Wilner ya kulle ƙofofin, ya riƙe sitiyari, bai iya tuƙawa ba sai da Marise ta zo a tasi ta karɓi motar.

Bara da kaka suka sayar da gidan. Wan Marise yana Indiana, ya samo musu aiki su biyu a wata masana'antar kayan mota. Ni da mijina Efraín muka taya su loda kaya a motar haya. Da aka gama, Wilner ya zagaya da ni bayan gida ya nuna mini bishiyar mangwaronsa, wadda reshenta ya haura shinge ya rataya a kan rufina.

"Sababbin masu gidan ba za su kula ba," ya ce. "Ki sa Efraín ya sare reshen nan kafin Yuni, lokacin guguwa. Cikinsa ya ruɓe."

Ya rungume ni da hannu ɗaya, ya shiga mota, Marise ce ke tuƙi. Da Kirsimeti ta turo mini hotonsa a tsaye cikin dusar ƙanƙara, da wata ƙatuwar riga har gwiwa da hula ta rufe kunnuwa. Ta ce yana ƙorafin sanyi kullum, amma ya yi ƙiba, kuma an sa shi a layin da ba ya magana da kowa sai injin.